Yadda dipulom ya daina zama takardar shiga aiki: ɗan tarihi ga sabbin ɗaliban jami'a



Makon jiya, cikin shirinmu na dare, wani dattijo ya kira mu daga wani ƙauye na wajen Tasawa. Ɗansa ya samu bak bana, an rubuta shi jami'a, an saida raguna biyu da buhun wake an yi mishi guzuri. Tambaya guda ya yi mana: "To ɗana, shekara nawa yaron ga za ya yi kafin gwamnati ta ba shi aiki?" Muka yi tsit gaban mikro, abin da ake hana mai gabatar da shiri yi. Amsar tana da tsawo, ga lokaci ya ƙure, ga masu kira sun yi layi. Muka ce baba yi haƙuri, za mu dawo ma maganar. To ga shi mun dawo mata a rubuce, don shi da sauran iyaye, musamman kuma don yaran da suka sa ƙafa ajin farko na jami'a bana.

Kada kowa ya yi ma baban nan dariya. An yi zamani a ƙasar nan da tambayarsa take da amsa daidai, har da lissafin shekaru. Zamanin ne ya wuce, labarin wucewarsa kuma bai kai gidaje da yawa ba.

Lakwal ta Nasara, tun shigowarta, hanyar samar da ma'aikata ce. Faransawa suna buƙatar tafinta, magatakarda, mushe mai koyarwa da ma'aikacin asibiti, sai suka buɗe azuzuwa gwargwadon buƙatarsu. Tsofaffi suna ba da labarin yadda ake ɓoye yara cikin rumbu in masu rubutun lakwal sun shigo gari. Yaron da aka kama, in ya yi fice a Damagaram ko Yamai, sai a tura shi Senegal, makarantar William Ponty, wadda take horar da malamai da ma'aikatan ofis da masu shirin karatun likita na duk yankin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Can Boubou Hama ya yi karatu, can Diori Hamani ya yi. Wanda ya fito daga Ponty bai san wani abu wai shi neman aiki ba. Kafin ya iso gida an riga an rubuta garin da za a tura shi.

Da aka samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Nijar ba ta da jami'a ko ɗaya, yaran da ke lakwal kuma ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ƴan ƙalilan da suka samu bak sai su tafi Dakar, Abijan, Faransa, wasu Tarayyar Sobiyet. Ga ƙasa sabuwa, ga ma'aikatu, babu mutanen da za su zauna kan kujerun. Likita ake nema, alƙali ake nema, malamin gona, injiniyan hanya, kowa. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar karatun gaba da lise a Yamai, wadda ta zama Jami'ar Yamai a 1973, shugabanta na farko kuma masanin lissafi ne, Boubakar Ba. Gidan jami'ar yana ƙetaren kogi, Harobanda, gadar Kennedy da aka gama a 1970 ita ce mahaɗarsa da cikin gari. Ku riƙe sunan gadar nan, za mu dawo gare ta.

A shekarun nan ne aka yi tsarin da manyanmu ke kira purogaramasiyo. Ma'anarsa a sauƙaƙe: gwamnati ta ƙiyasta malamai nawa take so, likitoci nawa, masanan noma nawa, sai kwamitin raba ɗalibai ya tura kowane mai bak fannin da za ya karanta. A ba ka bursi, a ba ka ɗaki, ka ci abinci a resto. In ka gama, gurbi yana jiranka, ka samu lambar matirkil, ƙarshen wata albashi ya sauka. Kuɗin yin haka kuma akwai su, don karfen uraniyom ya zo a kan gaɓa. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a Akouta a 1978, farashi kuma ya yi sama a tsakiyar shekarun 1970, daidai lokacin da Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. An gina ma'aikatu, an shimfiɗa hanyoyi, an ɗauki ma'aikata.

Kada mu yi ma zamanin ado fiye da kima. Ɗalibi ba shi da ta cewa sosai. Kana son shari'a, a ce ƙasa malamin lissafi take buƙata, ka gama a tura ka Bilma ko Gigime, kuma ka tafi. Sannan waɗanda suka ci gajiyar tsarin ƴan tsiraru ne, mafi yawan ƴaƴan talakawa ko ƙofar kwaleji ba su gani ba. Amma abu guda tabbatacce ne: ɗan ajin farko na wancan lokaci ba ya kwana da tunanin me za ya zama. Wani ya riga ya yi mishi tunanin a ofishin ministan tsare-tsare. Daga nan tambayar babanmu na Tasawa ta samo asali. Ya ga ɗan maƙwabcinsa ya tafi da akwatin ƙarfe ya dawo da mota ta gwamnati, kuma da idonsa ya gani.

Abin ya fara tsagewa tun farkon shekarun 1980. Farashin uraniyom ya faɗi, bashin da aka ci lokacin wadata ya zo biya. A 1983 gwamnati ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A 1984 damina ta ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyakarta a watan Afrilu na shekarar, ba ta buɗe ba sai 1986. Yunwar da aka yi ita ce mutanenmu ke kira El-Buhari, wanda ya tambayi kakarsa za ta ba shi labari. Kamfanonin gwamnati suka fara durƙushewa, wasu aka rage su, wasu aka rufe, har babban bankin raya ƙasa BDRN ya karye. Masu ba da bashi kuma sharaɗinsu ɗaya ne ko'ina a Afirka: a rage kashe kuɗi, a rage ɗaukar ma'aikata, a rage abin da ake zuba ma jami'a. Ƙofar da take buɗe ma kowane mai dipulom ta fara turuwa, aka sa konkur a bakinta.

Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Saibou, ɗalibai ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN suka fito daga jami'a za su ƙetara gadar Kennedy zuwa cikin gari. Jami'an tsaro suka buɗe wuta. Hukuma ta amsa mutuwar ɗalibai uku, da dama suka jikkata. Allah ya jiƙansu. Kowace shekara muna tuna ranar a matsayin mafarin dimokuraɗiyya, kuma gaskiya ne, don daga nan guguwar ta taso har aka amince da jam'iyyu da yawa, aka zauna Babban Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, wanda masanin tarihi ɗan Damagaram, André Salifou, ya shugabanta. Sai dai akwai abin da muke yawan mantawa in muna jawabin tunawa. Abin da ya fitar da yaran nan kan gada maganar bursi ce, da yanayin karatu, da matakan tsuke bakin aljihu da suka ga suna cinye makomarsu. A ganinmu, sun ci nasara wajen buɗe siyasa, amma tabbacin aiki da suka so su kare bai dawo ba. Duk gwamnatocin da suka biyo baya, na farar hula da na soja, babu wadda ta iya maido shi yadda yake.

Abin da ya biyo baya mu da kanmu mun tashi cikinsa. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, littafi da magani da duk abin da ake shigowa da shi suka yi tsada. Ma'aikata suka tara watanni ba albashi. Yajin aiki ya zama ruwan dare, aka soke shekarun karatu, abin da ake kira ane bulanshi. Wajen ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, ana biyansu kuɗin da bai kai albashin mai matirkil ba. Da yawa daga waɗanda suka koyar da mu a kwaleji ƴan kwantaragi ne. Muna yara ba mu gane ba, sai yanzu muke tuna cewa mushen da ke koya mana tarihin Daular Songhai yana fita da yamma ya yi kabu-kabu da babur ɗin wansa.

Ga kuma lissafin da ba ya ƙarya. Ƙidayar 1977 ta samu mu wajen miliyan 5. Ta 1988 ta samu miliyan 7 da ɗoriya. Ta 2012 ta samu fiye da miliyan 17, kusan rabi kuma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ko da uraniyom ya koma farashinsa na da, ko da man Agadem ya ninka, babu baitulmalin da za ya iya ba kowane mai lisansi kujera a ofis. Wanda ya ce muku za ya yi, ƙuri'a yake nema.

To me ƙasa ta yi a madadin? Ta buɗe ƙofofin karatu da yawa. A 2008 aka fara karatu a cibiyoyin fasaha na IUT uku: Maradi ta ɗauki gine-gine da lantarki, Tahoua ta ɗauki harkar sarrafa kamfani da kasuwanci, Damagaram ta ɗauki tsara birane da ƙasa da makamantansu. A 2010 aka kafa jami'o'in garuruwan uku, waɗanda yau ke ɗauke da sunayen Dan Dicko Dankoulodo, Djibo Hamani da André Salifou. A 2014 aka ƙara Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Ga jami'ar Musulunci ta Say tun 1986, ga makarantu masu zaman kansu sun cika Yamai. Yaron Tasawa yanzu ba sai ya ƙetara kogi ba, Maradi na kusa da gida. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Amma ƙofar shiga ce aka faɗaɗa. Ƙofar fita zuwa aikin gwamnati tana nan yadda take, ƙunƙuntacciya.

Tare da haka tsarin karatun kansa ya canza zuwa LMD, wanda ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007: lisansi shekara uku, masta biyu, doktora uku. Shekara ta kasu zango biyu, kowane zango kiredi 30, sai ka tara 180 za a ba ka lisansi. Mun tsaya kan wannan ne don mun ga yara da dama sun gama zangon farko ba su gane shi ba. A lise, in ka faɗi wani darasi, wani ya ɗaga ka, shekara ta wuce, shi ke nan. A jami'a darasin da ba ka ci ba yana iya bin ka bashi har aji na gaba, ya hana ka takarda bayan abokanka sun karɓi tasu. Ga anfi cike da ɗaruruwan mutane, malami bai san sunanka ba, ba mai kiran suna, ba surbeyan mai bulala. Wanda ya saba a tura shi, a nan yake fara ɓacewa. Ga kuma shekarun karatu da ke hawa kan juna saboda yajin aiki da ƙarancin azuzuwa, har lisansin shekara uku ya kan ci huɗu ko fiye.

Yanzu bari mu koma Tasawa, don akwai wani ɗan garin da labarinsa ya shafi wannan magana kai tsaye. A can aka haifi Abdou Moumouni Dioffo ranar 26 ga Yuni 1929. Shi ma ta Ponty ya bi, ya wuce Faransa, a 1956 ya ci babbar jarrabawar agregasiyo a fannin fizik, ɗan Afirka na farko daga ƙasashen rainon Faransa da ya yi haka. Mutum mai irin wannan takarda, a wancan zamani, kujerar da ya ga dama ita za ya zauna. Shi kuwa sai ya ɗaga kai ya dubi rana, abin da ƙasarsa ta fi kowa wadata da shi, ya ce nan aikinsa yake. Ya yi aikin makamashin rana a Bamako daga 1964 zuwa 1969, ya dawo gida ya jagoranci ofishin ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, inda aka riƙa ƙera na'urar dumama ruwa da murhun dafa abinci da hasken rana. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, a 1992 aka sa ma jami'ar sunansa.

Tun a 1964 ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya soki lakwal ɗin da Faransa ta bar mana, mai raba yaro da harshensa da aikin hannun mutanensa, ya nemi a koyar da harsunan gida, a haɗa karatu da aikin da ke samar da abin amfani. Ya faɗi haka ne a lokacin da kowane mai birbe yake da tabbacin albashi, shi ya sa kunnuwa ba su buɗe ba sosai. Yau shekara sittin ke nan da ɗoriya. Tashar lantarkin rana ta Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023. Faifan sola ya hau rufin shaguna da masallatai, famfon sola ya shiga garake na albasa da tumatir. Amma ku tambayi mai garka wahalar da yake sha kafin ya samu wanda za ya auna mishi ƙarfin faifai da na famfo daidai, ba na ƙiyasi ba. A lokaci guda ga masu lisansin fizik zaune suna jiran a buɗe konkur. Ɗalibai dubbai suna wucewa ƙarƙashin sunan mutumin nan kullum safe, kaɗan ne suka san abin da ya yi da hannunsa.

Wannan ne ya kawo mu ga ku, ƙannenmu na ajin farko. Aikin da kwamitin gwamnati yake yi ma ɗalibi a 1978, na auna buƙata da zaɓar hanya, yanzu ya dawo wuyanku, kuma ba wanda za ya kira ku ofis ya sanar da ku. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai ya karɓi lisansi sannan ya fara tambayar ina za ya nufa, ya makara da shekara uku.

Abu na farko tambaya ce, kuma ba ta cin ko dala. Da yawanku kun shiga fanni ne don abokinku ya shiga, ko don mai bak D ai likita ake cewa, mai A4 kuma shari'a ko sosiyoloji. Kafin zangon farko ya ƙare, ku nemi mutum uku ko huɗu da suka gama fanninku shekara biyar da suka wuce, ku tambaye su me suke yi yau, ta ina suka shiga, me aka tambaye su ranar da aka ɗauke su. Kada ku je wajen babban darakta mai shekara sittin, shi ɗan purogaramasiyo ne, hanyar da ya bi an rufe ta. Ku je wajen wanda ƙurar neman aiki ba ta gama fita daga takalminsa ba. In kun ga fannin ba naku ba ne, canzawa a shekarar farko asarar shekara guda ce, a shekara ta uku kuwa asarar uku. Kuma kada ku raina IUT da makarantun sana'a irin su EMIG ta ma'adinai ko IPDR ta Kollo don kawai sunan fakilte ya fi daɗin faɗi a gidan biki.

Sai maganar sitaj, wadda a nan muke so mu daɗe kaɗan, don ta nan muka bi. Mu ba da takarda muka shiga rediyo ba. Bayan lise muka riƙa zuwa wani gidan rediyo muna naɗe waya, muna ɗaukar ma masu fita rahoto jaka, watanni ba ko sisi. A gefen mai haɗa sauti muka koyi montaji, da kallo da tambaya har ya gaji da mu. Ranar da wani mai shiri bai zo ba, aka duba aka ga mu ne a wurin. Ba muna cewa hanyar nan adalci ba ce, aiki ba biya ba abin yabo ba ne, kuma ba kowa ke da gidan da za ya ciyar da shi yana yi ba. Amma mai ɗaukar aiki, kamfani ne ko ƙungiyar agaji, tambayarsa ta farko ita ce ina ka taɓa yin aiki, kuma wata guda a likitar unguwa, ko ofishin magajin gari, ko wajen gini, ko shagon mai saida irin shuka, amsa ce. Ku roƙi a rubuta muku takardar shaida ko da layi uku ce, da hatimi. Alhazan Maradi da suka yi suna a kasuwanci, da yawansu yaran kanti ne a farko, sun san cewa amana a bakin aiki ake gina ta. Wannan bai canza ba don an sa karabat.

Kwamfuta kuma, kada waya ta ruɗe ku. Iya WhatsApp da TikTok daban, iya buga wasiƙar neman aiki a Word ko jera lissafi a Excel daban. Mun ga mai masta ya tsaya gaban kwamfuta yana neman harafi da yatsa guda, ga yarinya mai bak tana gefe ta gama shafi biyu. Wanda ba shi da tashi, akwai ɗakin kwamfuta na jami'a, akwai siber, akwai ta aboki da dare.

Harshe ma sana'a ce, kuma a nan muna da abin kunya da za mu faɗa. Mun yi shekara goma sha uku muna karatu da Faransanci, mun iya tsara disertasiyo, amma ranar da aka ce mu rubuta labarai da Hausa sai muka ga ba mu san inda ake sa ƙ da ɗ ba, muna rubuta "ou" a wurin "u". Harshen da muka sha a nono, sai da muka koyi rubuta shi muna manya. Yau ƙungiyoyin da ke aiki a karkara suna neman mai iya yi ma manomi tambaya da Hausa ko Zabarmanci ya shigar da amsa cikin tablet, ya rubuta rahoto da Faransanci mai tsabta. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, wanda ke nufin za a buƙaci masu fassara da masu rubutu. Ingilishi kuwa, wanda ke zaune Maradi ko Damagaram bai buƙatar a gaya mishi amfaninsa, Katsina da Kano suna bakin ƙofa, harkar mai da ta kamfanonin waje ma da shi ake yi.

Mun san abin da wasu za su ce: duk wannan surutu ne, a ƙasar nan PAC ke aiki, wato dangi, abokai da sanayya. Ba za mu ƙaryata ba, mun gani, kowa ya gani, kuma yana karya zuciyar yara masu ƙoƙari. Haka nan ba mu wanke hukuma ba. Ɗakunan gwaji da babu kayan aiki, bursi da ke makara, shekarar karatu da ba a san ƙarshenta ba, waɗannan ba laifin ɗalibi ba ne, kuma ƙungiyoyin ɗalibai suna da gaskiya in sun yi magana a kansu. Sai dai ɗan talaka da ba shi da kawu a ma'aikata, abin da ya rage mishi shi ne ya ƙera sanayyarsa da kansa, ta wurin mutanen da suka ga aikinsa. Ko fada da ake zargi da cinye lokacin samari, ya danganta da wa kake shan shayi. Akwai fadar da ake jin labarin konkur da sitaj tun kafin a manna takarda, akwai wadda in ka zauna shekara uku ba abin da za ka ƙaru da shi sai sunayen ƴan ƙwallo.

Ƙannenmu mata, ku nauyinku biyu ne, mun sani. Ana tambayar namiji yaushe za ya samu aiki, ke ana tambayarki yaushe za ki yi aure, wani lokaci tun kafin sakamakon zangon farko ya fito. Shawararmu ita ce maganar ci gaba da karatu da fita sitaj a yi ta a fili tun wajen neman aure, gaban iyaye, kada a bar ta sai an ɗaura. Kuma asibitocinmu na karkara suna kukan rashin mata ma'aikata, matan ƙauye da yawa sun fi sakin jiki da mace ƴar'uwarsu.

To baba na Tasawa, ga amsarka. A takarda, lisansi shekara uku ce, a zahiri ka sa ran huɗu. Bayanta akwai hidimar ƙasa ta sabis sibik, shekara biyu, ga wanda ya samu gurbi, kuma ita ba ɗaukar aiki ba ce. Daga nan sai konkur in an buɗe, ranar buɗewar kuma ba mu da ita, shi ma yaron ba shi da ita. Ragunanka ba su tafi banza ba, in Allah ya yarda. Amma muna da roƙo guda gare ka. Babban hutu ya kan faɗo cikin damina, lokacin da ka fi buƙatar hannunsa a gona, mun san haka. In ya zo gida ya yi maka noman farko da maimai, ka sake shi wata guda ya je Tasawa ko Maradi ya tsaya gefen wani mai aikin da ya shafi karatunsa, ko da ba za a ba shi komi ba sai abincin rana. In ya dawo, bayan ka tambaye shi ko ya ci jarrabawa, ka tambaye shi sunan wanda ya koya mishi aiki.

Alhamis mai zuwa da dare za mu buɗe layi kan wannan magana. Muna son jin waɗanda suka gama jami'o'in Maradi, Tahoua da Damagaram a rukunonin farko, su faɗa mana inda suke yau da ta inda suka bi. Baba, in kana kusa da rediyo, kai za mu fara ɗauka.